Bikon Mai Jifa

A Maradi, in mace ta yi yaji a unguwarmu, ni ake turawa biko. Ba don ina da daɗin baki ba, kowa ya san ba ni da shi. Don dai in na zauna a tsakar gidan mutane ba na tashi sai an ba ni wadda na zo ɗauka. Da malam, mijina, ya rasu, babban ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni Faransa, ya ajiye ni can sama a wani dogon bene na Vénissieux, gefen Lyon, sai aikin ya mutu. Nan mace in ta yi fushi lauya take nema. Sai na koma zaman taga. Daga tagar kicin ina ganin tashar tiram, jirgin nan na cikin gari, ina ganin wa ya fita, wa ya dawo, wa ya dawo da wadda ba da ita ya fita ba. Ban yi lakkol ba, ko sunan tashar ban iya karantawa ba, amma ba a taɓa shigowa gidanmu da damuwa ban hango ta tun daga ƙasa ba.

Jikana na fari a ƙasar ga aka haife shi, Hausarsa duk a karye take. Ina ce masa maigida, yadda kowace kaka take ce wa jikanta, shi kuma yana ce mini tsohuwar amarya. Da rana yana tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya a wani sito. Da yamma kuma wasa, kuma wasan shi ne ransa.

Ba balon da muka sani ba ne, wanda ake bugawa da ƙafa. Na Amurka ne. Ranar da aka fara kai ni kallo na ɗauka faɗa ne ya ɓarke, har na miƙe ina neman mai rabawa. Ƙatti ne, kowa da hular kwano, kowa an ɗaura masa wani abu a kafaɗa kamar akumarin jaki. Su taru su haɗa kai kamar masu gulma, su tafa hannu, su jeru, su duƙa, sai su auka wa juna. Ƙwallon ma ba shi da kan gado, dogo ne kamar gwanda. A cikinsu duka mutum ɗaya ne yake magana sauran su saurara. Shi ne mai tsayawa bayan wani mai ƙiba, mai ƙiban ya miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, abin da na ce rashin tarbiyya ne kuma har yau ban canza magana ba, shi kuma ya ja da baya ya jefa can nesa wani ya cafe. Da bakinsu kwatabak suke ce masa. Ni mai jifa nake cewa. Jikana shi ne mai jifan ƙungiyarsu. Mai jifa kuwa ɗaya ne yake shiga fili. In akwai na biyu, a gefe yake tsayawa lulluɓe da bargo, yana kallo kamar ni.

Mai horar da su wani Bature ne mai furfura, direban bas ne da rana. Kullum da usur a wuyansa, don haka nake ce masa mai usur. Tun jikana yana ɗan ƙarami yake hannunsa.

Ranar da abin ya fara, farkon sanyi ne. Tun daga tashar tiram na ga yaron yana jan jakarsa a ƙasa, shi da kullum yake saɓa ta a kafaɗa. Aka zuba tuwon semul da miyar kuka, ya yi loma biyu ya ture kwano.

Na ce, “Maigida, mi ya faru? Ko wata ce ta ƙi ka? Ai na gaya maka ba mai ɗaukar ka sai ni.”

Bai yi dariya ba. Ubansa ya tambaye shi da Faransanci, ya amsa da Faransanci, suka yi ta yi murya na hawa. Sai na buga cokali a tebur.

“A gidan ga in za a yi faɗa a yi shi da Hausa, ni ma in samu rabona.”

Surukata, uwar yaron, ita ta warware mini. Akwai takardar yarjejeniya tsakaninsa da ƙungiya, kontira suke ce mata, da ita yake wasa, da ita kuma yake koya wa ƙananan yaran ƙungiyar ran Laraba. Ta ƙare, an kawo masa sabuwa. Sabuwar ta ɗaure shi shekara biyu, ba zai koma wata ƙungiya ba. A rana ɗaya kuma ya ji labari a bakin wasu cewa shugabanni sun ɗauko wani mai jifa daga Amurka, yana hanya. Ya ce to a rubuta masa a takarda cewa shi ne na fari. Suka ce ba a rubuta haka.

Ɗana, wanda yake aiki a wata masana'anta a Saint-Fons kuma bai taɓa ƙin sa hannu a takardar Bature ba, ya ce, “Ka sa hannu kawai. Wasa ne fa.”

Yaron ya ce, “Baba, a wurinka wasa ne.” Ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari na jira uban ya fita aiki, na kira jikana ɗakina na sa shi ya zauna ƙasa.

Na ce, “Ka ba mutanen ga ƙuruciyarka. A gabana aka kawo ka da karyayyen haƙarƙari. Yanzu za su ɗaure ka shekara biyu su tsayar da kai a gefe da bargo, labarin ma a bakin wasu ka ji shi. Wannan ba maganar takarda ba ce, raini ne. Yaji za ka yi.”

“Kaka, yaji na barkono?”

Na bayyana masa. Mace in an raina ta a gidan miji ba ta tsayawa cacar baki. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan danginta ta zauna. Gida ya yi sanyi, tukunya ta yi sanyi, miji ya gane abin da yake da shi. Sai ya tashi da kansa, ko ya turo manya, a zo da goro a ba da haƙuri a mai da ita. Wannan zuwan shi ne biko. Wadda aka yi bikonta kuwa ba a ƙara yi mata kallon banza.

Ya yi dariya har ya kwanta. Can ya tashi zaune. Ya ce a Amurka ma manyan ƴan wasa haka suke yi, su ƙi zuwa horo sai an gyara musu takarda.

Na ce, “To ka gani. Wurinmu suka koya.”

Na shimfiɗa masa yadda ake yi. Gidan kawunsa zai tafi, ƙanen uwarsa, mai sayar da tufafi a sari a Aubervilliers, can Paris. Jikana yana da konje, wato hutu, a wurin aiki, ya ɗauka. In sun kira shi a waya kada ya ɗauka, mai yaji ba ta hira da miji. Babban abu kuma, kayansa na wasa ya bar su a can wurin ƙungiya. Macen da ta kwashe kwanoninta ta tafi ke nan, aure ya mutu. Wadda ta bar kayanta a ɗaki kuwa, ko yaro ya san tana nufin dawowa in an zo.

Ni da kaina na wanke rigarsa mai lamba, na yi mata guga, na goge hular kwanon har tana ɗaukar ido, don kada a ce dama ƙazami ne. Na ninke komi. Na ce ya jera su a akwatin ƙarfen da kowane ɗan wasa yake ajiye kayansa, makullin kuma ya bar wa mai gadi, don mai yaji ba ta tafiya da makullin gidan mutane. Ya yi duk yadda na ce. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi.

Na koma taga. Na ma sa surukata ta sayo lemo ta ajiye, ko za su fara biyowa ta nan su tambayi inda yake.

Mai usur ya kira shi a waya. Yaron ya kira ni ya ce ya ɗauka? Na ce a'a. Mai usur ya ƙara kira, na ce a'a. Ya turo saƙo, na ce ba a amsawa. Daga nan sai shiru. Na ce yauwa, suna shawara ne wa za a tura.

Shawarar ta yi tsawo. Kawun ya kira ni, muka gaisa gajeriyar gaisuwar waya, ya ce, “Hajiya, mai yajin naku akwai ci. Na sa shi ɗaukar kwalaye a sito.”

“Alhaji, mai yaji ba ya aiki. Zama yake yi yana jan rai.”

“A Paris yana yi, Hajiya. Nan ko tantabara ba ta zaman banza.”

Wata rana da hantsi surukata ta zo ta durƙusa kusa da ni ta miƙo mini wayarta. Hoton wurin horo ne. Lamba ban iya karanta ta ba, amma na san siffarta, ni na yi mata guga. Tana bayan wani siririn yaro da ban sani ba, hular da na goge tana yi masa yawo a ka. Surukata ta ce cikin ƙananan yaran ƙungiya aka ɗauko shi. Ba'amurken bai iso ba, takardunsa na shiga ƙasa sun maƙale, ba wanda ya san ko zai zo. Magoya baya suna ta musu a waya, wannan ya ce wane zai yi jifa, wancan ya ce a'a. Ƙungiya ba ta da mai jifa tsayayye, ga shekarar wasa ta gabato. Ta ƙara da wata maganar da ban sani ba sai ran nan. Akwai ranar da ake rufe rubuta sunayen ƴan wasa, kuma ta kusa. Wanda bai sa hannu ba kafin nan, shekarar ta wuce shi.

Da yamma jikana ya kira. Ya ce ya je ya gwada wata ƙungiya a can Paris, sun ce hannunsa da kyau, amma suna da nasu mai jifan.

“Kaka, zan dawo in sa hannu kawai.”

“Da ƙafarka? Ba wanda ya zo? In ka dawo da kanka, maigida, bargon ga shi za ka yafa har ka tsufa.”

Ya ce, “In aka rufe sunaye, shekara guda ba ni ba fili. Kaka, ban iya wani abu da kyau ba sai wannan.”

Bai ce mini tsohuwar amarya ba ran nan. Muryarsa ta koma irin ta lokacin da nake ɗaure masa takalmi.

Ɗana ya same ni a kicin, ya sunkuyar da kai yadda ya saba in zai faɗi abin da ba zan so ba. “Inna, Allah ya huci zuciyarki, amma nan ƙasar ba a biko.”

Na ce, “Ba a yi don ba a koya musu ba ne.”

Ran Asabar da safe na sa babban mayafina a kan rigar sanyi, na ce wa surukata ta tashi ta raka ni, ita ce bakina. Muka hau tiram muka sauka, muka taka har filin. Ƙattin suna ta karo da juna, hayaƙin sanyi na fita ta cikin hulunansu. Siririn yaron ya jefa ƙwallo ya faɗi ƙasa tun bai kai rabin hanya ba. Mai usur yana tsaye ya harɗe hannu, fuskar nan kamar ya sha maɗaci. Akwai kujera ɗaya a gefen fili, tasa ce, na zauna a kai.

Ya zo ya gaishe mu. Na ce wa surukata ta gaya masa ni ce kakar yaron, kuma a garinmu ko mai ƙaramin hankali in an bar masa gida yakan tashi ya bi sawu, ban taɓa ganin mutum da furfura ya zauna yana hura usur gidansa na rushewa ba. Ta juya ta faɗi kalma kamar uku tana murmushi. Shi ma ya yi murmushi.

Na ce, “Ke, abin da na faɗa ya fi haka tsawo. Mi kika ce masa?”

“Na ce kina gaishe shi, Inna.”

“Faɗa masa duka. In ya yi fushi ni zai yi wa.”

Ta faɗa, kanta a ƙasa. Murmushin ya tafi. Ya yi magana mai tsawo, yana nuna ɗakin ajiyar kaya da hannu, har wuyansa ya yi ja. Surukata ta saurara, sai na ga ta rufe baki da mayafi.

“Inna, ya ce yaron ne ya bar su. Wai hular da rigar dama na ƙungiya ne, aro ake ba ɗan wasa. A wurinsu, in mutum ya wanke kaya ya ninke ya jera ya ba mai gadi makulli, ya yi sallama ke nan har abada. Wai shekarunsa a wasan ga bai taɓa ganin wanda ya mai da riga da guga ba. Ya ce gugar ce ta fi yi masa ciwo.”

Na dubi Baturen. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce sanyi ne. Ya ce shi ya koya wa yaron riƙe ƙwallo tun hannunsa bai iya zagaye shi ba. Maganar Ba'amurke ba shi ya kawo ta ba, shugabanni ne, kuma ya so ya gaya masa da bakinsa aka riga shi. Ya kira, ya ƙara kira, ya rubuta, ba amsa. Sai ya ce to, tunda haka yaron ya zaɓa.

Na ce wa surukata, “Ashe su biyu ne suke yaji. Shi ya sa ba mai biko.”

Na sa ta bayyana masa daga farko, yadda na bayyana wa jikana. Kayan da aka bari alama ce ta mai son dawowa. Rashin ɗaukar waya jan rai ne. Abin da ya rage nasa ne, ya tashi ya je. Ya saurara baki buɗe. Ya ce to yanzu ya gane, bari ya kira shi a yi magana.

“Ba a biko a waya.”

Ya ce Paris fa da nisa, kuma yana da bas da zai tuƙa.

Na ce, “Yana da ranar hutu ko ba shi da ita? Ya dubi yaron can.” Daidai lokacin siririn ya sake jifa, ƙwallon ya sami mai ƙiba a ƙeya.

Mai usur ya daɗe yana kallon fili. Sa'an nan ya ce ko ya je, ba zai iya rubuta wa kowa cewa shi ne na fari ba, ko ɗan cikinsa ne. Fili ne yake faɗin wannan. Na ce ba a zuwa biko da sharaɗi a baki. A je a zauna a ba da haƙuri, sauran magana manya su gyara. Kuma ba a zuwa shi kaɗai, ba a zuwa hannu sake. Ya zo da wani mai nauyi, ya zo da goro, surukata za ta kwatanta masa shagon da ake samu a cikin Lyon. Na ce kuma in zai zo, ya cire hular can daga kan yaron mutane ya taho da ita.

Ya ce, “Madam, ke ma za ki zo?”

Na ce zai same ni a can.

Kwana ɗaya kafin ranar bikon muka hau jirgin ƙasa ni da surukata. Gidan kawun ɗan ƙarami ne, a saman wata hanya da manyan motoci suke sauke kwalaye tun asuba. Jikana ya rame, hannunsa duk ya yi kanta. Na ce, “Maigida, na aiko ka yaji ka zama ɗan dako.” Na sa shi ya yi wanka ya sa doguwar rigar kawunsa, na ce in baƙi sun zo ya zauna can lungu ya sunkuyar da kai, kada in ji bakinsa.

Washegari bayan azahar suka iso. Na ce ya zo da mai nauyi, ina nufin dattijo. Sai ga shi da mai ƙiban nan mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, da ƙyar ya shigo ta ƙofa. Na bar shi, abokin jikana ne, kuma nauyi dai yana da shi. Yana rungume da hular kwano kamar jariri. Mai usur ya sa kwat, ya bar usur a gida, yana riƙe da ƙunshin goro.

Kawun ya tare su da gaisuwa irin ta gida, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya koma ya tambayi gajiya. Baturen yana ta amsawa yana satar kallon lungu. Aka ajiye goro. Ya buɗe baki ya ce ya zo ne ya ba da haƙuri, yana son yaron ya dawo.

Na ce, “Ba zai koma ba.”

Surukata ta dube ni. Na ce ta faɗa. Ta faɗa.

Na ci gaba. Na ce mun ba su yaro lafiyayye sun karya masa haƙarƙari, ba wanda ya zo gaishe mu. Sun ɗauko baƙo daga wata duniya ba su gaya masa ba. Ya bar musu kayansa da mutunci sun ɗauka sun sa wa wani tun wurin bai huce ba. Mu ba mu rasa abin ciyar da ɗanmu ba, ga kawunsa nan da sito cike da aiki. Jikana ya ɗago kai a firgice, na harare shi ya mayar.

Mai usur ya juya wurin surukata, ya yi magana a hankali. Ta ce, “Inna, wai ba ke kika ce ya zo ba?”

“Wancan a Lyon ne. Can ni mai biko ce. Nan ni dangin mai yaji ce. Gaya masa haka ake yi, ya ƙara ba da haƙuri.”

Mai ƙiba ya fara dariya, kujerar kawu tana ƙara a ƙarƙashinsa. Mai usur ya goge goshi, ya ƙara ba da haƙuri. Wannan karon bai dube ni ba, lungu ya duba, ya yi maganar da surukata ba ta fassara ba, ni kuma ban nema ba. Na ga jikana yana share ido da hannun riga.

Daga nan kawu ya karɓi magana, shi ɗan kasuwa ne, ya san inda ake sassautawa. Aka yi ta ja. Rubuta cewa shi ne na fari dai ba a samu ba, Baturen ya kafe, kuma na ga alamar ko shekara za mu yi a nan ba zai motsa ba. Amma ya ce zai tsaya gaban shugabanni a mai da shekara biyun ta zama ɗaya. Ya kuma yi alkawari gaban mutane cewa in Ba'amurken ya iso, za a raba musu horo daidai, kuma kowane mako, ko wa aka zaɓa, jikana zai fara ji daga bakinsa kafin kowa. Jikana ya yunƙura zai ce ya yarda, na mintsine shi. Sai da na bari shiru ya yi tsawo, sa'an nan na kwance ƙunshin goron na fasa ɗaya na miƙa wa mai usur rabi.

Ya ɗauka wani abin zaƙi ne, ya jefa duka a baki. Na zuba masa ido har ya haɗiye. Mai ƙiba ya miƙa hular, jikana ya karɓa ya ɗora a cinya, yana shafa inda siririn yaron ya ƙarce ta.

A jirgi ɗaya muka dawo. Jikana ya sa hannu ana saura kaɗan a rufe sunaye.

Ba'amurken ya iso daga baya, dogo, mai ladabi, yana ce mini mama. Na so in ƙi shi ban samu dalili ba. Ranar wasan farko ɗana ma ya zo, shi da ya ce wasa ne, ya fi kowa tashi tsaye. Tun ran Juma'a jikana ya san abin da aka yanke amma ya ƙi gaya mini, wai shi ma yana jan rai. Da suka fito, Ba'amurken ne ya tsaya bayan mai ƙiba. Jikana yana gefe da bargo. Na fara tattara mayafina ina tunanin abin da zan gaya wa Baturen ga da furfurarsa. Surukata ta riƙe ni ta ce in jira a dawo hutun rabi.

Da aka dawo, sai na ga bargon a kafaɗar Ba'amurke. Jikana ya shiga, suka haɗa kai, shi yake magana sauran suna saurare. Jifansa na farko ɗan wancan ɓangaren ne ya cafe, na ji ɗana ya yi salati. Na biyu ya tashi sama ya daɗe, ya sauka a hannun nasu can ƙarshen fili. Mutane suka tashi da ihu. Ni ban tashi ba, gwiwata ba ta son sanyi, amma na ga ya juyo yana neman inda nake.

Haka suka yi shekarar, wani mako shi, wani mako baƙon, magoya baya ba su daina musu ba. Kowace Juma'a da yamma wayarsa takan yi ƙara, ya shiga ɗaki ya ɗauka. In ya fito ba na tambaya, yadda ya ci tuwo ya ishe ni.

Rigar mai lamba har yanzu ni nake wanke ta. Ran nan na ɗauko dutsen guga, ya shigo kicin da gudu ya fizge rigar.

“Tsohuwar amarya, so kike a sake korata?”

Na ce, “Ba korar ka aka yi ba, yaji ka yi, kuma har Paris aka bi ka. Ni da na yi wa kakanka sau biyu, unguwa ɗaya kawai ya tsallaka.”

Ya cusa ta a jaka a yamutse, ya saɓa a kafaɗa ya fita. Na koma taga na ga ya kama tiram.